Kalma Ɗaya, Ma'ana Ɗaya: Tsokaci a kan Harshen Littafin Jagorar Manhajar Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin adabi ya san cewa ana yaba wa marubuci ne gwargwadon yalwar kalmominsa da gwanintarsa wajen sarrafa su. Idan mawaƙi ya kira abu guda da sunaye uku a baitoci uku, sai a ce ya san harshe. Idan mai ƙagaggen labari ya sakaya zance, ya bar mai karatu ya lalubo ma'ana da kansa, sai a ce ya iya salo. To, amma akwai wani nau'in rubutu wanda a cikinsa waɗannan abubuwan yabo suke komawa aibi, har wani lokaci su jawo asarar dukiya ko ta rai. Wannan kuwa shi ne rubutun da ake yi domin koya wa mutum yadda zai yi aiki da manhajar kwamfuta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin da ya sa irin wannan rubutu yake bukatar bayyanar ma'ana da daidaito fiye da kowane ado na harshe. Za a fara da bayanin abin da ake nufi da littafin jagora da halin mai karanta shi. Daga nan za a kawo wani abin da ya faru a ƙasashen Amurka da Kanada, wanda ya nuna illar duhun bayani. Sa'an nan a dubi hanyoyin da masana suka bi don magance matsalar, kafin a juyo ga harshen Hausa, wanda a yanzu ake fassara manhajoji zuwa cikinsa.

2.0 Littafin Jagora da Mai Karanta Shi

Kalmar "manhaja" a da tsarin karatu take nufi, watau jerin darussan da aka tsara wa ɗalibai. A yau an faɗaɗa ma'anarta ta ƙunshi jerin umurnin da ake rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu domin ta aikata wani aiki, kuma da wannan ma'ana ta biyu aka yi amfani da ita a nan. Shi kuwa "littafin jagora", ana nufin duk wani rubutu da masu manhaja suka yi domin mai amfani da ita. Ya haɗa da littafin da ake bugawa a takarda, da shafukan taimako da ke cikin manhajar, da sunayen da aka rubuta a kan maɓallai, da kuma gajerun saƙonnin gargaɗi da kan fito a kan allon na'ura idan wani abu ya faskara.

Kafin a yi maganar yadda ya kamata a rubuta shi, wajibi ne a fahimci halin da mai karanta shi yake ciki. Ba safai mutum kan ɗauki littafin jagora ya karanta daga bango zuwa bango ba. Galibi yakan zo gare shi ne a tsakiyar aiki, bayan abu ya cije masa, hankalinsa a rabe, ga gaggawa. Yakan faɗa tsakiyar littafin, ya karanta layi uku ko huɗu, ya koma ga na'ura ya aikata abin da ya fahimta. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, amma a nan babu wanda za a tambaya, domin marubucin ba ya kusa, na'urar kuwa abin da aka danna mata kawai take aikatawa, ba ruwanta da abin da aka yi niyya.

Saboda haka ne ake neman siffofi biyu ga wannan rubutu. Ta farko ita ce bayyanar ma'ana, watau kowace jimla ta ɗauki fassara guda tak, kuma mai karatu ya san abin da zai yi bayan ya karanta ta. Ta biyu ita ce daidaito, watau abu ɗaya ya riƙe suna ɗaya daga farkon littafi zuwa ƙarshensa, shafuka kuma su bi tsari iri guda. Dalilin wannan siffa ta biyu a fili yake. Mutumin da bai san abu ba, da kalma yake gane shi. Idan ya ga kalma ta sauya, sai ya ɗauka abin ma ya sauya, ya shiga neman bambancin da babu shi. Idan kuwa ya ga kalma guda a wurare biyu, sai ya ɗauka abu guda ake nufi, ko da kuwa abubuwa biyu ne mabambanta.

3.0 Illar Duhun Bayani: Na'urar Therac-25

Therac-25 na'ura ce da ake yi wa masu ciwon daji gashi da ita, watau a harba wa wurin ciwon wani haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, domin ya kashe tsiron. Kamfanin AECL na ƙasar Kanada ne ya ƙera ta, aka kuma kafa guda 11 a asibitocin Amurka da Kanada. Abin da ya bambanta ta da waɗanda suka gabace ta shi ne an ɗora wa manhaja nauyin tsare lafiyar majiyyaci, aka janye wasu matsaran ƙarfe da na lantarki da tsofaffin na'urorin suke da su. Tsakanin watan Yuni na 1985 da Janairun 1987, sau shida na'urar tana zuba wa majiyyata hasken da ya ninka ƙima sau da yawa, kuma aƙalla mutum uku suka rasu a sanadin haka.

Asalin matsalar kuskure ne a cikin manhajar kanta. Amma abin da ya shafi wannan maƙala shi ne yadda na'urar take yi wa ma'aikata magana. Idan ta ci karo da wata matsala, abin da take rubutawa a allo shi ne kalmar Ingilishi mai nufin "tangarɗa", sai lamba daga 1 zuwa 64. Littafin jagorar da aka ba ma'aikata bai bayyana ma'anar waɗannan lambobi ba, bai kuma nuna cewa wata daga cikinsu tana iya nufin rayuwar majiyyaci na cikin haɗari ba. Har ila yau saƙonnin sukan fito a kai a kai a kan ƙananan abubuwa marasa illa, har ma'aikata suka saba da ganinsu, suka saba da danna maɓallin ci gaba.

A ranar 21 ga Maris, 1986, a wata cibiyar kula da masu ciwon daji da ke garin Tyler na jihar Texas, na'urar ta tsaya ta nuna tangarɗa mai lamba 54. Takardar da ke jikin na'urar ta fassara lambar da 'yan kalmomin da ba su ƙara wa kowa haske ba, allon kuma ya nuna kamar hasken da aka bayar bai kai yadda aka nema ba. Ma'aikaciyar ta yi abin da ta saba, ta danna maɓallin ci gaba, alhali majiyyacin ya riga ya sha hasken da ya wuce ƙima. Bayan wata biyar ya rasu. Makonni uku da aukuwar wannan, a ranar 11 ga Afrilu, lamba 54 ta sake fitowa a cibiyar, wani majiyyacin ya sake ƙonewa, shi ma ya rasu. Daga baya ne aka bayyana cewa lambar tana nufin hasken da aka bayar ko dai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ke nan saƙo ɗaya ne yake ɗauke da ma'anoni biyu masu karo da juna, ɗaya mai sauƙi, ɗaya mai kisa.

Nancy Leveson da Clark Turner, waɗanda suka buga cikakken bincike a kan lamarin a 1993, sun lissafa raunin rubutun jagora da duhun saƙonnin gargaɗi cikin abubuwan da suka taimaka wa ɓarnar. Littafi mai kyau ba zai gyara kuskuren manhaja ba. Sai dai da saƙon ya ce a fili, "Mai yiwuwa haske ya wuce ƙima, kada a ci gaba, a duba majiyyaci," da ma'aikaciyar ta sami abin da za ta tsaya a kansa. In kunne ya ji, jiki ya tsira, amma sai in abin da aka faɗa wa kunnen mai fahimtuwa ne.

4.0 Hanyoyin da Masana Suka Bi

4.1 Daidaiton Tsari

Ɗaya daga cikin tsofaffin misalan tsari mai kyau shi ne littafin jagorar manhajar Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka rubuta a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka, bisa matsawar shugabansu Doug McIlroy. Bugun farko yana ɗauke da kwanan wata 3 ga Nuwamba, 1971. Dabarar da suka yi ita ce kowane umurni na manhajar ya sami shafinsa, kowane shafi kuma ya bi kanun bayani iri guda, a jere iri guda: sunan umurni, taƙaitaccen fasalin rubuta shi, cikakken bayani, fayilolin da ya shafa, sauran shafukan da za a duba, ma'anar saƙonnin gargaɗinsa, da kurakuran da aka san yana da su.

Amfanin wannan shi ne wanda ya koyi karanta shafi ɗaya ya koyi karanta dukkansu. Idonsa ya san inda zai faɗa ba tare da lalube ba. Abin lura kuma shi ne kanun nan biyu na ƙarshe. Tun a 1971 waɗannan marubuta sun ware wuri na musamman domin fassara saƙonnin gargaɗi, wanda shi ne abin da littafin Therac-25 ya rasa bayan shekara 14, sun kuma ware wuri domin faɗa wa mai amfani inda manhajarsu take da rauni. Har yau manhajoji irin su Linux da macOS suna ɗauke da shafukan jagora masu bin wannan tsari, da 'yan sauye-sauye.

Daga baya an ƙara fahimtar cewa daidaiton tsari ya haɗa da rarrabe nau'o'in bayani. Daniele Procida, a tsarin da ya kira Diátaxis, ya kasa rubutun jagora gida huɗu: darasi domin ɗan koyo, matakan aikata wani aiki takamaimai, bayanin dubawa irin na ƙamus, da sharhin da ke bayyana dalili. Wanda yake son matakai biyar na aika saƙo bai kamata a tsare shi da tarihin manhajar ba, haka nan wanda yake neman dalili ba za a sallame shi da jerin maɓallai ba.

4.2 Daidaiton Kalma

Masu ƙera jiragen sama na Turai sun fuskanci wata matsala: littattafan gyaran jirage da Ingilishi ake rubuta su, amma yawancin makanikan da ke karanta su a duniya ba Ingilishi ne harshensu na gado ba. Don haka ƙungiyarsu mai suna AECMA ta fitar da wata ƙa'ida ta sauƙaƙƙen Ingilishi a 1986, wadda a yanzu ake kira ASD-STE100. Ƙa'idar ta zaɓi kalmomin gama-gari kimanin 900, ta ba kowace ma'ana ɗaya da aji ɗaya na nahawu gwargwadon iko. Alal misali, akwai kalma guda a Ingilishi mai ɗaukar ma'anar "rufe" da kuma ma'anar "kusa". Ƙa'idar ta yarda da ma'anar farko kawai, ta ce in ana nufin ta biyu a nemi wata kalmar. Ta kuma iyakance jimlar umurni ga kalmomi 20, jimlar bayani ga kalmomi 25, ta ce kowace jimla ta ɗauki umurni ɗaya. Ko da yake domin jirage aka tsara ta, marubutan jagora a wasu fannoni sun ari darussanta.

Misali na biyu daga masu tsara ƙa'idojin intanet ya fito. A watan Maris na 1997 Scott Bradner na Jami'ar Harvard ya rubuta wata gajeriyar takarda mai lamba RFC 2119, wadda aikinta kawai shi ne tsayar da ma'anar 'yan kalmomin umurni. Ta rarrabe abin da ya zama dole, da abin da aka hana, da abin da ake so a yi sai in da ƙwaƙƙwaran dalili, da abin da ake so a bari, da abin da aka bar wa mutum zaɓi. Ta kuma nuna ana rubuta waɗannan kalmomi da manyan baƙaƙe. Dubban takardun fasaha sun dogara da ita tun daga lokacin, domin ta kashe gardamar da kan taso a kan ko "ya kamata" tana nufin "dole".

4.3 Taƙaitawa

A shekarun 1980 John Carroll da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta kamfanin IBM sun zauna suna kallon ma'aikatan ofis suna koyon manhajar buga rubutu. Abin da suka gani shi ne mutane ba sa bin littafi daki-daki kamar yadda marubutansa suka zata. Sukan tsallake shafuka, su gwada abu da ka, su yi kuskure, sa'an nan su rasa yadda za su fita daga kuskuren, domin littafin ya ɗauka ba za su taɓa kuskurewa ba. Sai masu binciken suka rubuta wani ɗan littafi wanda bai kai rubu'in tsawon na asali ba. Suka gina shi a kan ayyukan da mutum yake son yi da gaske, kamar buga wasiƙa, suka zubar da dogayen gabatarwa, suka kuma cika shi da bayanin yadda ake gane kuskure da yadda ake gyara shi. Waɗanda suka koya da ƙaramin littafin sun riga sauran gamawa, sun kuma fi su iya aikin. Carroll ya tattara wannan bincike a littafin da ya buga a 1990. Darasin a nan shi ne yawan bayani yana iya binne bayanin da ake bukata.

5.0 Matsayin Harshen Hausa

Wannan batu ya riga ya iso ƙofarmu. Kamfanin Microsoft ya fitar da fassarar Hausa ta fuskar manhajarsa tun zamanin Windows Vista, Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma ya buɗe shafinsa da Hausa a 2016. Duk wanda zai rubuta jagora da Hausa, ko ya fassara ta, zai gamu da matsalolin da aka ambata a sama, sa'an nan ya gamu da wasu waɗanda suka keɓanta ga harshen. Misalan da ke biye ƙirƙirarru ne domin bayani, ba daga wata manhaja aka ɗebo su ba.

5.1 Zaɓen Kalma

A dubi waɗannan jimloli, a ɗauka daga littafi ɗaya suke:

(1) a. Danna maɓallin "Adana".
b. Bayan an latsa "Ajiye", sai a rufe fayil.
c. Taɓa alamar tanadi kafin fita.

A ajin insha'i za a yaba wa wanda ya rubuta su saboda bai maimaita kalma ba. Amma mai amfani zai nemi maɓallai uku a allo, alhali guda ɗaya ne. Haka kuma "danna" da "latsa" da "taɓa" za su sa shi zaton ayyuka uku ne. Abin ya fi muni a wayar hannu, inda taɓawa sau ɗaya da dannawa a riƙe ayyuka biyu ne na gaske masu sakamako daban. Mafita ita ce a raba wa kowane aiki kalmarsa tun farko, a kuma rubuta sunan maɓalli a littafi daidai da yadda yake a allo, harafi da harafi.

Akwai kuma rukunin "goge" da "share" da "cire" da "soke" da "fasa". A manhajar banki "cire" ta riga ta sami ma'ana a bakin jama'a, watau cire kuɗi. In aka sake amfani da ita wajen kawar da sunan wani daga jerin waɗanda ake tura wa kuɗi, an ɗora wa kalma ɗaya kaya biyu a wurin da kuskure yake da tsada. Ita kuwa "fasa", tun da rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, tana iya zama fasa tafiya, tana iya zama fasa tulu. A cikin jimla muhalli yakan warware, amma a kan maɓalli kalma ita kaɗai take tsayawa, ba ta da maƙwabta.

Dangane da matakan umurni irin na RFC 2119 kuwa, Hausa ba ta cikin talauci. Littattafan fikihu da aka daɗe ana karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa sun gadar wa harshen kalmomi biyar masu tsayayyar ma'ana: wajibi, haram, mustahabbi, makaruhi da halal. Ba ana nufin a kwashe su a zuba a littafin kwamfuta ba ne. Abin nufi shi ne Bahaushe ya saba da tunanin cewa umurni hawa-hawa ne, kuma kowane hawa da sunansa. Mai rubuta jagora yana iya tsayar da "dole" da "kada" da "an fi so" da "ana iya", ya bayyana su a shafin farko, ya kuma tsare su har ƙarshe.

5.2 Wa Ake Yi wa Magana?

Ingilishi yana da wakilin suna ɗaya na mutum na biyu, Hausa kuwa tana rarrabe namiji da mace da jam'i. Saboda haka umurni guda yana iya fitowa ta fuska biyar:

(2) a. Shigar da kalmar sirri.
b. Ka shigar da kalmar sirrinka.
c. Ki shigar da kalmar sirrinki.
d. Ku shigar da kalmar sirrinku.
e. A shigar da kalmar sirri.

Jimlar (2b) ta fitar da mata, (2c) ta fitar da maza, manhaja kuwa ba kullum take sanin wanda ke riƙe da ita ba. Mutane da yawa sukan gudu zuwa (2e) saboda ladabinta, amma tana da nata haɗarin. Ba ta faɗi wanda zai yi aikin ba, mutum ne ko na'ura. Bugu da ƙari, a rubuce "a buɗe" tana iya zama umurni, tana kuma iya zama bayanin hali, kamar a ce ƙofa a buɗe take. Wanda ya ga "A kulle" a gefen asusunsa ba zai san ko ana gaya masa an kulle ba ne, ko ana neman ya kulle. Haka nan harafi ɗaya ne tsakanin "A goge fayil" da "An goge fayil", na farko nema ne, na biyu labarin abin da ya riga ya wuce.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne a yi amfani da fasalin (2a) a kan maɓallai saboda gajartarsa, a yi amfani da (2d) a cikin bayani, domin "ku" ta haɗa namiji da mace, kuma lafazin girmamawa ce. Bayanin hali kuma a rubuta shi cikakke, a ce "Asusunku yana kulle". Ana iya saɓa wa wannan zaɓi, amma duk wanda aka ɗauka, kada a sauya shi daga shafi zuwa shafi.

5.3 Ƙa'idojin Rubutu

Daidaita rubutun boko aiki ne da aka daɗe ana yi, tun daga ƙa'idojin Hans Vischer na 1912, zuwa Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980. Littafin jagora yana daga cikin wuraren da amfanin wannan wahala yake bayyana ƙarara:

(3) a. Ku shigar da lambobin daidai.
b. Ku shigar da lambobin ɗaiɗai.

Lanƙwasa ce kawai ta raba su a ido, amma umurni biyu ne. Haka abin yake tsakanin "kasa" da "ƙasa", da tsakanin "ɓata" da "ba ta" idan aka yi sakaci da lanƙwasa da rabon kalma. Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba. A wurin kwamfuta "b" da "ɓ" haruffa biyu ne daban, don haka wanda ya nemi "maɓalli" a shafukan taimako yana iya rasa shafin da aka rubuta "maballi". Har wa yau Nijeriya tana rubuta 'y inda Nijar take rubuta ƴ, kalmomin aro kuma a can daga Faransanci da yawansu suka fito. Manhajar da ake so ta yi aiki a Kano da Maraɗi dole masu ita su yanke shawara a kan waɗannan tun kafin a fara rubutu.

5.4 Saƙon Gargaɗi

Darasin Therac-25 ya fi shafar wannan ɓangare. A kwatanta waɗannan biyu:

(4) a. Kuskure ya auku. Lamba 54.
b. Ba a tura kuɗin ba, domin intanet ta yanke. Ba a cire kome daga asusunku ba. Ku duba intanet, sa'an nan ku sake gwadawa.

Saƙo na biyu ya amsa tambayoyi uku da ke zuciyar mai amfani: me ya faru, wane hali nake ciki yanzu, me zan yi. Wanda ya ga na farko yana iya sake tura kuɗin sau biyu ko uku cikin rashin sani. Haka kuma gargaɗi kafin mataki ake rubuta shi. Jimlar da ta ce a danna maɓalli, sa'an nan a layi na gaba ta ce yin haka zai goge kome, ta zo a makare, domin mai karatu ya riga ya danna.

6.0 Kammalawa

An ga cewa littafin jagora yana da mai karatu na daban, wanda yake karatu domin ya aikata nan take, kuma ba shi da wanda zai tambaya. An ga abin da saƙo mai ma'ana biyu ya jawo a Tyler a 1986. An kuma ga magunguna uku da aka gwada aka ga amfaninsu: tsarin shafi iri guda, kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya, da taƙaita bayani a kan aikin da mutum yake son yi.

Abin da ya rage shi ne aikin da ya hau kan sassan koyar da Hausa. A 1990 an buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, kuma da irin wannan aiki ne malamai da ɗalibai suke samun damar kiran abu guda da suna guda a aji da jarrabawa. Fannin manhaja yana bukatar irin wannan ƙoƙari. Ɗalibai suna iya somawa da abin da ke hannunsu: a tattara kalmomin da manhajojin da aka fassara suke amfani da su, a jera inda suka saɓa, a gwada su ga 'yan kasuwa da matan aure da dattawa masu riƙe da waya, a ga wadda aka fi ganewa ba tare da ƙarin bayani ba. Sa'an nan ya kyautu a ba rubutun jagora gurbi a darasin fassara da na insha'i, domin ɗalibi ya san lokacin da ake son ya baje kolin kalmominsa, ya kuma san lokacin da ake son ya zaɓi guda ɗaya ya tsaya a kanta.